Yadda ake raba lasisin Copilot na kanka da na kamfani kada ɗaya ya haɗiye ɗaya

Idan kana biyan kuɗin GitHub Copilot Pro, wato manhajar AI mai taya rubuta kod, daga aljihunka, sai kamfanin da kake yi wa aiki ya ba ka gurbi a Copilot Business a kan wannan asusun naka na GitHub, to naka ya tafi ke nan. GitHub zai soke shi da kansa ba tare da ya tambaye ka ba, ya mayar maka da ragowar kuɗin kwanakin da ba ka ci ba. Daga nan duk abin da Copilot zai yi maka, sai yadda kamfani ya tsara. Da yawa sukan ɗauka garaɓasa ce ta faɗo, tunda dala 10 ta kowane wata, a farashin 2025, ta huta. Sai ranar Asabar da dare mutum ya buɗe ɗan aikin kansa, ya nemi samfurin AI da ya saba aiki da shi, ya ga an rufe, ya leƙa saiti ya tarar ba shi da ikon buɗewa, domin mai kula da asusun kamfani ne ya kashe shi.

Tushen rikicin guda ne: lasisin yana bin asusu ne. Ba ya bin folda, ba ya bin kwamfuta, bai san lokacin tashi daga aiki ba. Asusu ɗaya ba ya ɗaukar lasisin mutum da na kamfani tare, taura biyu ba ta taunuwa. Saboda haka duk wata dabara da ba ta kai ga raba asusu ba, kwaskwarima ce kawai. Zan bi matakan da Copilot da VS Code, editan rubuta kod, domin a nan aka fi cin karo da matsalar, daga baya in taɓo sauran.

Mataki na farko: gano lasisin da kake kai yanzu

Shiga GitHub ta burauza, ka je github.com/settings/copilot. A saman shafin za ka ga sunan tsarin da ke aiki a asusunka. Idan na kamfani ne, za a rubuta sunan ƙungiyar da ta ba ka gurbin, kuma za ka ga wasu saituttukan sun daskare, ba sa dannuwa. Idan naka ne, kai ke da ikon kunnawa da kashewa.

Bayan haka ka duba editanka, domin abin da burauza ta nuna ba lalle ne shi editan ke amfani da shi ba. A VS Code, danna alamar mutum da ke ƙasa ta hagu, za ka ga asusun da aka shiga da su. In kana son tabbaci, buɗe View, sai Output, ka zaɓi GitHub Copilot Chat a jerin, sunan asusun da aka karɓi izini da shi yana fitowa a layukan farko. A tagar umarni kuma ka rubuta gh auth status idan kana da gh, manhajar GitHub ta tagar umarni. Wurare uku ke nan, kuma ba abin mamaki ba ne a ga suna biyu daban a cikinsu.

Mataki na biyu: san abin da kowane kuskure ke jawowa

Kuskuren iri biyu ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba.

Na farko shi ne aikin kamfani da lasisinka. Wannan ne mai kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa. Abin da kamfani ke saye da dala 19 kan kowane ma'aikaci a Business, ko dala 39 a Enterprise, a farashin 2025, ba wai Copilot mai ƙarin basira ba ne. Sharuɗɗa yake saye. GitHub ya yi alkawarin ba zai horar da samfura da bayanan waɗannan tsare-tsaren biyu ba. Kamfani yana iya ware wasu fayiloli ya ce Copilot kada ya karanta su. Sannan akwai kariyar shari'a: idan wani ya kai ƙara cewa kod ɗin da Copilot ya bayar nasa ne, GitHub zai tsaya wa kamfanin, kuma a 2025 sharaɗin shi ne an kunna matatar da ke toshe shawarwarin da suka yi daidai da kod na jama'a. Lasisin mutum ba shi da wannan kariyar. Ranar da ka buɗe ma'ajiyar kamfani da asusunka na Pro, ka fitar da sirrinsu daga ƙarƙashin yarjejeniyar da lauyoyinsu suka sa wa hannu, ka kai shi ƙarƙashin wadda ka danna "na yarda" ba ka karanta ba. Kamfanoni ba sa wasa da wannan tun abin da ya faru a Samsung a 2023, lokacin da wasu injiniyoyi suka liƙa kod na cikin gida a ChatGPT, har kamfanin ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorin aiki a watan Mayun shekarar.

Na biyu shi ne aikin kanka da lasisin kamfani. Shi ne aka fi rainawa, kuma a ganina shi ya fi cutar da ma'aikaci a ƙarshe. Mai kula da asusun kamfani yana ganin lokacin da ka yi amfani da Copilot na ƙarshe da editan da ka yi da shi, yana kuma iya ciro rahoton buƙatun da kowa ya kashe a manyan samfura. Kason da aka ware maka domin aikin ofis, kai ne za ka cinye shi da naka. Babbar maganar kuma ita ce ta mallaka. Yawancin kwantiragin masu rubuta manhaja yana da sakin layin da ke cewa abin da ka ƙirƙira da kayan kamfani na kamfani ne. Ko a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda sashe na 2870 na dokar ƙwadago ke kare abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a lokacin kansa, ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne bai yi amfani da na'urori, kayayyaki ko sirrin mai aikin ba. Lasisin da kamfani ke biya duk wata, lauya ba zai sha wahalar kiransa kayan kamfani ba. Idan 'yar manhajarka ba ta yi kasuwa ba, ba wanda zai tuna da kai. Idan ta yi, za a tuna.

Mataki na uku: ɗauko kwantiraginka, ka tambaya a rubuce

Karanta sashen mallakar fasaha da sashen amfani da kayan aiki. Sai ka aika wa shugabanka ko sashen kula da kwamfutoci imel gajere mai tambaya uku. Shin an yarda in yi aikin kaina da gurbin Copilot na kamfani? Shin an yarda in shiga asusuna na kaina a kwamfutar aiki? Shin zan iya karɓar gurbin a wani asusu na daban da zan buɗe domin aiki kawai?

Kada ka wadatu da "ba komai" na baka, ko na cikin hirar waya. Wanda ya faɗa maka yana iya barin wurin kafin kai. Ka adana amsar a inda ba za ta ɓace ba ranar da aka rufe imel ɗinka na aiki. Wasu kamfanonin da gaske ba su damu ba, har sukan ce a yi aikin manhajojin buɗaɗɗe da shi, to in haka ne kuma ƙa'idojinsu ba su takura ka ba, kana iya tsayawa a nan ka riƙe dala gomarka. Sauran matakan na wanda aka ce masa a'a ne, ko wanda yake da abin da yake ginawa da niyyar sayarwa.

Mataki na huɗu: raba asusun, kafin ka karɓi gayyata

Duba irin tsarin da kamfanin ke kai. Manyan kamfanoni da dama suna amfani da abin da GitHub ke kira Enterprise Managed Users: su ne za su buɗe maka asusu, sunansa ya ƙare da ƙaramin layi na ƙasa da gajeren sunan kamfanin, shiga kuma ta ƙofar kamfani. Irin wannan asusun ba ya buɗe ma'ajiya ta jama'a, ba ya ba da gudummawa a ayyukan waje, kuma ranar da ka tafi su ne za su rufe shi. Idan wannan aka ba ka, an hutar da kai. Lasisinka na Pro yana nan lafiya a asusunka, abin da ya rage shi ne kada editanka ya gauraya su.

Matsalar tana ga ƙananan kamfanoni da masu ɗaukar 'yan kwantiragi, waɗanda za su ce kawai "turo mana sunanka na GitHub". Yawancin masu aiki daga nesa, a Kano suke ko Kaduna ko Yamai, da wannan jumlar ake fara musu. A nan ne za ka tsaya. Buɗe sabon asusu da imel ɗin aiki, ka kunna masa tantancewa mai mataki biyu, shi za ka tura.

Akwai abin lura. Sharuɗɗan GitHub sun ce mutum ɗaya ba zai riƙe asusun kyauta fiye da ɗaya ba, kuma GitHub ɗin kansa ya fi ba da shawarar asusu guda na komai da komai. Wannan shawarar ta yi daidai a zamanin da asusu wurin ajiye kod ne kawai. Yanzu da lasisin kamfani ke iya share naka, ban ga hikimarta ba ga mai aikin gefe. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ka tara asusun kyauta: naka yana kan tsarin biya, na aiki kuma yana ƙarƙashin ƙungiyar da ke biya masa gurbi, da sanin kamfanin a rubuce.

Mataki na biyar: idan an riga an haɗiye naka

Wannan ya fi cin lokaci, kuma jerin yana da muhimmanci. Fara da cire imel ɗin aiki daga tsohon asusunka, domin GitHub ba ya barin imel ɗaya ya zauna a asusu biyu. Ka sani cewa GitHub da imel yake gane mai kowane commit, wato kowane sauyin kod da aka adana, don haka ayyukan da ka yi da wannan imel ɗin za su daina bayyana a koren jadawalin tsohon asusun, su koma sabon da zarar ka tabbatar da imel ɗin a can. Ba abin da ya ɓace, wuri kawai suka sauya.

Sai ka buɗe sabon asusun, ka nemi mai kula ya gayyace shi cikin ƙungiyar, ya saka shi a rukunonin da kake ciki, ya ba shi gurbin Copilot. Idan kamfanin na amfani da shiga ta bai-ɗaya ta SAML, shaidarka ta aiki tana ɗaure da tsohon asusun, sai mai kula ya kwance ta kafin sabon ya iya ɗauruwa. Wannan ne wurin da mutane suka fi maƙalewa, su yi ta ganin saƙon kuskure ba su san dalili ba. Kafin a cire tsohon asusun daga ƙungiyar, ka duba ayyukan da aka rataya masa da buƙatun haɗe kod da ba a rufe ba, ka mayar da su kan sabon.

Abu na ƙarshe shi ne a cire gurbin daga tsohon asusun. Kada ka yi mamaki idan shafin saiti ya ci gaba da nuna Business na wasu kwanaki, domin gurbin da aka riga aka biya yakan kai ƙarshen zagayen biyan kuɗi. Sai ya sauka sannan za ka sake yin rajistar Pro da hannunka, ba ya dawowa da kansa.

Game da kuɗin da aka mayar maka tun farko: ta hanyar da ka biya ake mayarwa. Wanda ya biya na shekara guda da katin dala na wucin gadi, irin waɗanda ake buɗewa a manhajar waya a rufe bayan an gama, ya leƙa sashen biyan kuɗi ya ga inda aka tura. Idan katin ya mutu, sai an bi sawu wajen kamfanin katin.

Mataki na shida: koya wa edita wane ne wane

Tun sigar 1.95 ta Oktoban 2024, VS Code yana barin a shiga asusun GitHub fiye da ɗaya a lokaci guda. Shiga duka biyun. Sai ka ƙirƙiri Profile biyu, wato tarin saituttuka biyu daban, ka sa wa ɗaya suna Aiki, ɗayan Kaina. A cikin kowanne, danna alamar mutum, ka zaɓi Manage Extension Account Preferences, ka zaɓi GitHub Copilot Chat, ka nuna asusun da ya dace. Idan ka buɗe folda da wani Profile, VS Code yana tunawa, gobe da shi zai buɗe ta.

Ka ba kowanne launi daban mai nisa da juna, misali na aiki fari tas, naka baƙi. Abin kamar wasa ne, amma ƙarfe sha biyun dare ido ba ya karanta sunan asusu, launi yake gani.

Idan kamfanin mai tsauri ne, ko kai kanka ba ka yarda da kanka ba, ƙara kauri: VS Code na yau da kullum domin aiki, VS Code Insiders, wato sigar gwaji, domin naka, tunda kowanne da ma'ajiyar saitinsa. Wanda ya fi wannan shi ne mai amfani biyu a kan kwamfutar, kowa da kalmar sirrinsa. Wanda ya fi duka kuwa kwamfuta biyu. Kuma idan kwamfutar ta kamfani ce, raba lasisi bai wanke ka ba, domin na'urar kanta kayansu ce. Masu editocin JetBrains kuma, su fita daga wannan asusun su shiga wancan ta menu na Tools duk lokacin da suka sauya aiki.

Mataki na bakwai: raba Git ma, manhajar da ke adana commit

Copilot yana iya zama daidai amma commit ɗinka ya fita da imel ɗin da bai dace ba. Tara duk ayyukan kamfani a folda ɗaya, a ce ~/aiki/. A fayil ɗin ~/.gitconfig, bayan sashen da ke ɗauke da sunanka da imel ɗinka, ƙara wannan:

[includeIf "gitdir:~/aiki/"]
    path = ~/.gitconfig-aiki

Karkataccen layin nan na ƙarshen aiki/ kada ka bar shi, shi ne ke sa dokar ta shafi duk abin da ke cikin foldar. Kuma lalle sashen ya zo a ƙasa, domin Git maganar ƙarshe yake ɗauka. Git yana gane wannan tun sigar 2.13 ta 2017. A cikin ~/.gitconfig-aiki kuma:

[user]
    email = imel ɗinka na aiki
[core]
    sshCommand = ssh -i ~/.ssh/id_aiki -o IdentitiesOnly=yes

Mabuɗin SSH sabo, wato shaidar da kwamfutarka ke nuna wa GitHub, mai suna id_aiki, za ka yi wa asusun aiki, GitHub ba ya karɓar mabuɗi ɗaya a asusu biyu. Idan akwai SAML, sai ka danna Configure SSO a gefen mabuɗin ka ba shi izini. Gwaji: shiga wata ma'ajiya a cikin ~/aiki/ ka rubuta git config user.email, sai ka fita ka maimaita a taka. Amsa biyu daban ya kamata ka gani.

Masu amfani da gh suna da gh auth switch, amma a kula, yana sauya asusun ne a kwamfutar gaba ɗaya, ba a folda ɗaya ba. Shi ya sa na fi son hanyar SSH.

Mataki na takwas: idan komai daidai ne amma Copilot ya ƙi aiki

Duba intanet ɗin da kake kai. GitHub ya raba adireshin da kowane tsari ke magana da shi: na mutum yana bi ta individual.githubcopilot.com, na Business ta business.githubcopilot.com, na Enterprise ta enterprise.githubcopilot.com. An yi haka ne da gangan domin kamfani ya iya toshe na mutum a katangar tsaronsa ya bar nasa. Idan lasisinka yana aiki a gida amma ya mutu da zarar ka kunna VPN na ofis, ba lalacewa ba ce, hani ne. Kada ka kunna intanet ɗin wayarka ka zagaye shi domin aikin kamfani, wannan shi ne ainihin abin da aka toshe domin hanawa.

Ɗan kwantiragin da kamfanoni biyu suka ba gurbi a asusu ɗaya yana da nasa ciwon kan. Ƙa'idojin biyun za su haɗu a kansa: a batun toshe kod na jama'a, misali, mai tsauri ke rinjaye. Sannan a shafin saiti sai ya zaɓi wanda za a caje kuɗin buƙatunsa na manyan samfura. In ya manta da zaɓin a kan kamfani na farko ya kwana yana yi wa na biyu aiki, na farko ne zai biya.

Sauran manhajojin

Claude Code, manhajar taya rubuta kod ta kamfanin Anthropic, yana da nasa tarkon. Idan akwai ANTHROPIC_API_KEY a muhallin tagar umarninka kuma ka taɓa amincewa da shi, da wannan mabuɗin zai yi aiki ko da kana da rajistar wata-wata. Wanda ya saka mabuɗin kamfani a ~/.zshrc ya manta, aikinsa na dare yana shiga lissafin kamfani. Wanda ya saka nasa kuma, shi ke biya wa kamfani. Rubuta /status ka ga wanda ke aiki, /logout da /login kuma domin sauyawa. Hakanan tun Agustan 2025 masu rajistar mutum a Claude suna da zaɓin barin a horar da samfura da hirarsu ko hanawa, alhali tsarin kasuwanci ba ya cikin wannan. Duk manhajar da kake biya da kanka, Copilot ce ko wata, shiga saitin sirri ka ga inda wannan makunnin yake, ka yanke da saninka.

Ranar barin aiki

Kafin ranar ƙarshe, ka tabbatar ba wani abu naka da ke rataye da imel ɗin aiki: ba asusunka na kanka, ba lambobin ceto, ba katin biya. Goge mabuɗin id_aiki da foldar ~/aiki/ daga kwamfutarka idan taka ce, ka cire Profile na Aiki, ka fita daga asusun a edita da gh. Idan asusu ɗaya ka yi ta amfani da shi duk tsawon zaman, to gurbin zai sauka, ka sake yin rajistar Pro, sannan ka koma github.com/settings/copilot ka bi saituttukan ɗaya bayan ɗaya, domin waɗanda kamfani ya riƙe maka a da yanzu suna hannunka, har da matatar kod na jama'a da izinin amfani da bayananka.